UWA DA GUDU: HAKKIN JIKI DA HAKKIN 'YA'YA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya kyautata ƙirarsa, Ya danƙa masa jikinsa amana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan wata al'ada ce da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka, ta kuma fara leƙowa manyan biranenmu, watau fitar mata masu 'ya'ya su yi gudu don motsa jiki, har waɗansunsu su ɗauki watanni suna horon kansu don shiga tsere. Tambayar da ke gabanmu ita ce: sa'ar nan da uwa ta ware wa jikinta, hakkinta ce ta karɓa, ko kuwa hakkin 'ya'yanta ne ta ci?

Ya kamata mu fara sanin asalin abin, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimta ba. Su kansu Turawan ba su daɗe da yarda da gudun mata ba. A shekarar 1948 wata 'yar ƙasar Holan mai suna Fanny Blankers-Koen, tana da shekara 30 da 'ya'ya biyu, ta ci lambobin zinariya huɗu a wasannin Olamfik na Landan, alhali kuwa mutanen ƙasarta da yawa suna zarginta, suna cewa wajen yara ya kamata a gan ta. A 1967, a birnin Boston, wani jami'i ya nemi ya fizge Kathrine Switzer daga cikin gudun fanfalaki don kawai ita mace ce. Shi wannan dogon gudu, mai tsawon kilomita 42 da 'yan kai, sai a 1984 aka buɗe wa mata shi a Olamfik. Daga nan abin ya ci gaba, har a 2007 Paula Radcliffe ta Ingila ta haihu a watan Janairu, ta ci gudun fanfalaki na New York a watan Nuwamba. Faith Kipyegon ta Kenya ta haihu a 2018, bayan haka ta ci zinariya a Tokyo a 2021, ta sake ci a Paris a 2024.

Waɗannan gwanaye ne, gudu sana'arsu ce. Amma yawancin matan da mu ke magana a kansu ba su neman lamba. A Landan, tun 2004, aka fara wani taro na kyauta na kowace Asabar da safe, inda jama'a ke gudun kilomita 5, kowa iyakar ƙarfinsa, ya kuwa yaɗu zuwa ƙasashe da yawa. Akwai kuma wani tsari sananne na mako tara, sau uku a mako, wanda a ke farawa da sassarfa ta minti ɗaya, a bi ta da tafiyar minti ɗaya da rabi, a yi ta ƙarawa sannu a hankali har mutum ya iya gudun minti 30 ba tsayawa. Irin wannan shi ne abin da akasarin iyaye mata ke yi.

To, mene ne matsayin Musulunci? Farko dai, jiki ba mallakar mai shi ba ne, amana ce. Buhari ya ruwaito cewa sa'ad da Salmanul Farisi ya ga ɗan'uwansa Abud Darda'i ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da kansa da iyalinsa, sai ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da hakki a kansa, ransa yana da hakki, iyalinsa ma haka, kowane kuwa a ba shi nasa. Da maganar ta kai ga Manzon Allah, mai tsira da amincin Allah, sai ya gaskata Salmanu. Ku duba fa, ibada ce aka hana ta cinye hakkin jiki. Idan nafila ba ta isa ta cinye shi ba, ta yaya wanke-wanke da shara za su cinye shi? Kuma babu inda aka ce wannan hukunci na maza ne kaɗai, ko kuwa yana sauka daga kan mace ran da ta haihu.

Hasali ma uwa ce ta fi kowa bukatarsa. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratu Luƙman aya ta 14, ya siffanta ɗaukar ciki da rauni a kan rauni, a Suratul Baƙara aya ta 233 kuma ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa. Jikin da ya ɗauki wannan nauyi sau biyar ko sau bakwai, idan ba a gyara shi ba, lalle zai rushe tun lokacinsa bai yi ba. Kakanninmu mata ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin rayuwarsu ce ke motsa su: surfe da daka, niƙa a dutse, jan ruwa a rijiya, tafiyar ƙasa zuwa biki ko gaisuwa. Yau a birni inji ya karɓe turmi, famfo ya karɓe guga, babur da mota sun karɓe ƙafa, amma tuwo da mai da sukari ba su ragu ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa hawan jini da ciwon sukari suka zama baƙin da ba su sallama a gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarinta na 2020, ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, ta kuma sa masu ciki da masu jego cikin wannan lissafi, muddin likita bai ga wani abin da zai hana ba. Minti 150 a mako, watau rabin sa'a a kwana biyar. Wanda ya ce rabin sa'ar nan an sace ta ne daga yara, sai ya lissafa mana kwana nawa yaran za su rasa uwarsu idan ta kwanta asibiti. Lafiya uwar jiki, in ji Hausawa, uwar gida kuwa ita ce lafiyar gidan.

Wani zai ce: mun yarda da motsa jiki, amma gudu ba na mace mai kamun kai ba ne. A nan sai mu koma ga tarihi. Abu Dawuda da Ahmad sun ruwaito cewa Nana A'ishatu, Allah Ya yarda da ita, ta yi tsere da Manzon Allah a wata tafiya, tana yarinya marar jiki, ta wuce shi. Bayan wani zamani, da ta yi jiki, suka sake, ya wuce ta, yana dariya yana nuna mata cewa ya rama. Duk wanda ya fi Manzon Allah kishin iyali, ko ya fi A'ishatu kunya, to, ya fito ya faɗa. Amma a cikin ruwayar Ahmad akwai wani abu da masu kafa hujja da hadisin su kan tsallake: kafin tseren, sai da ya umurci jama'a su yi gaba. Saboda haka hadisi ɗaya ya ba mu abu biyu, halaccin gudun da kuma ladabinsa.

Haka nan kowane alhaji ya san cewa tafiyar Safa da Marwa, wadda ta kai wajen kilomita 3 idan an haɗa bakwai ɗin, sawun uwa ce a ke bi. Nana Hajara ce ta yi ta kai da kawowa tana neman ruwa saboda jaririnta Isma'ila, idan ta iso cikin kwari sai ta ruga, kamar yadda ya zo a hadisin Ibnu Abbas. Allah Ya mai da gudun wannan baiwa tasa ibada har tashin ƙiyama. Duk da haka malamai sun ce sassarfar da a ke yi tsakanin korayen alamomin nan biyu ta maza ce, mace tafiya za ta yi, saboda taro ne na maza da mata. Nan ma darasin bai sake ba: gudun kansa ba shi da aibi, wurin da a ke yinsa shi ne abin dubawa.

Daga nan sharuɗɗan suka fito. Tufafi su kasance masu rufe jiki, marasa bayyana siffarsa, ga shi kuwa yanzu a kan ɗinka hijabi da riguna masu yalwa musamman don wasanni. Wuri ya kasance amintacce, nesa da idon 'yan kallo, kamar tsakar gida mai faɗi, ko filin makarantar 'yan mata bayan an tashi, ko wata sa'a da aka keɓe wa mata. A yi da sanin miji da yardarsa. Kada a bar jariri ba mai kula, kada kuma gudu ya ci sallar Asuba.

Sai sharaɗin lafiya, wanda shi ma na addini ne, domin shari'a ta hana mutum cutar da kansa. Gama arba'in ba shi ne warkewa ba. Jijiyoyin da ke riƙe da mara da mafitsara su kan saki saboda ciki da naƙuda, wadda ta yi gaggawar gudu kuwa ta kan gamu da ɗigar fitsari, abin da zai dame ta har a alwalarta. Shi ya sa waɗansu masana gashin jiki na Ingila, a 2019, suka ba da shawara kada mai jego ta koma gudu kafin wata uku, ta fara da tafiya tukuna. Wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa, ko mai hawan jini, ko mai ƙarancin jini, sai ta ji ta bakin likita. Mai shayarwa ta yawaita shan ruwa, ta guji rana, musamman a bazara. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu sai tsere, a nan ne kuwa maganar ta fi wuya. Shi tsere da ƙafa halal ne. Muslim ya ruwaito cewa Salamatu ɗan Akwa'u ya nemi izinin Manzon Allah ya yi tsere da wani mutumin Madina a hanyarsu ta komawa gida, aka ba shi. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halilu ya kawo a cikin Muhtasar cewa tseren da a ke sa wa lada shi ne na dawaki da raƙuma da harbi, sauran kuwa ya halatta idan ba a sa kome ba. Waɗansu malamai sun sauƙaƙa idan kyautar daga wani ta fito wanda ba ya cikin tseren. Idan kuwa masu tseren ne suka zuba kuɗi don wanda ya ci ya kwashe, mafi yawan malamai suna ganin wannan caca ce.

Amma haɗarin da ya fi wannan yana cikin zuciya. Amfanin sa ranar tsere a gaba shi ne yana hana kasala, domin wanda ya san ana jiransa ba ya komawa barci. Sai dai abin da aka ɗauko don ya yi wa mutum hidima ya kan juya ya zama ubangidansa. Shirin gudun fanfalaki ya kan ci wata huɗu ko biyar, a cikinsa akwai ranakun da za a yi sa'a uku ana gudu, a dawo a yini a gajiye. Mai 'ya'ya ƙanana ta tambayi kanta tsakaninta da Allah: wa zai biya wannan? Idan akwai mai taimako, gida bai tauye ba, babu laifi. Idan kuwa yaye za a gaggauta, ko babbar 'ya ce za ta bar makaranta ta yi reno, to, ma'auni ya karkata, tseren kilomita 5 ko 10 ya ishe ta har yara su tasa. Ta kuma binciki niyyarta. Wadda ba ta jin daɗin gudunta sai ta ɗauki hoto ta watsa a waya an yaba, ta sani ba lafiya ta fita nema ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: gudun da ke dawo da uwa gida da sakin fuska da ƙarfin tsayuwa a salla, alheri ne. Wanda ke dawo da ita da ƙunci da ganin 'ya'yanta su ne suka tare mata hanya, ya wuce iyakarsa.

Ƙarshen magana gare ku ne, ya ku magidanta. Da yawa cikinmu mu kan hana, sa'an nan mu yi shiru, ba mu kawo madadi ba. Mutum ya ga matarsa ta yi nauyi, gwiwa ta fara ciwo, maimakon ya nema mata magani sai ya mai da abin gori, ko ya mai da shi dalilin neman wata. Alhali kuwa A'ishatu ta shaida cewa Manzon Allah ya kan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, shi ne kuma ya kira ta tsere da bakinsa. Wanda ya ƙi matarsa ta fita titi yana da hujja, amma sai ya share mata wuri a gida, ko ya raka ta bayan Asuba, ko ya riƙe mata yaro rabin sa'a. Haka kuma makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyin mata Musulmi, waɗanda suka riga suka mallaki fili da katanga da amincewar mazaje, babu abin da zai hana su ware safiya biyu a mako don wannan. Idan muka bar ƙofar halal a rufe, kada mu yi mamakin ganin 'ya'yanmu a wata ƙofar.

Hadisi ya faɗa mana cewa lafiya da sarari ni'imomi ne biyu da mutane da yawa ke hasararsu. Uwa ba ta cika samun sarari ba, kada kuma mu bari ta rasa lafiyar.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya ba iyayenmu mata lafiya mai amfani, Ya saka musu da Aljanna, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.