Maniyyata, Zaman Jiran Jirgi Ma Aiki Ne

Duk wanda ya taɓa kwana a sansanin alhazai ya san wannan sanarwar. Lasifika za ta yi ƙara bayan sallar isha'i, a ce 'yan jirgi na bakwai su yi haƙuri, an ɗaga tashinsu sai gobe. Gobe ta yi a ce jibi. Ga shi an riga an yi sallama da gida, an yafi juna, dangi sun rako har bakin ƙofa sun koma da hawaye. Komawa gida da nauyi, zama kuma da zafi. A irin wannan daren ne nake son magana da ku, Alhaji da Hajiya, domin ni ma na taɓa yin kwana uku a kan tabarma, jakata ce matashin kai, ina jiran jirgin da aka ce yana hanya.

Ku fara tuna ko su wane ne ku. Akwai wanda ya sayar da bijimai huɗu da ya yi shekaru yana kiwo kafin ya biya kujera. Akwai mai ƙosai da ta yi ta zuba adashi tun 'yarta tana goye, yau ga 'yar ta yi aure. Akwai malamin firamare, da direban tifa, da tela, da ma'aikaciyar jinya. Ku ne kuka san jiran ruwan shuka bayan an gama sharar gona, ku ne kuka san jiran albashi wata ya haura arba'in. Kwana biyu a sansani ba zai karya wanda ya yi shekara goma yana tara kuɗin Makka ba.

Yana da kyau kuma ku san abin da ke riƙe jirgi, domin rashin sani shi ke haifar da jita-jita. Jirgin da zai ɗauke ku shi ne ya kwashi 'yan wata jiha jiya. In ya makara a Madina ko Jidda, makarar ta bi duk jerin da ke bayansa. Filayen jiragen Saudiyya suna ba kowane kamfani lokacin sauka ƙayyadadde, wanda ya rasa nasa sai ya jira a ba shi wani. Matuƙa suna da awannin hutu da doka ta wajabta, ba a tilasta musu tashi a gajiye. Hadarin farkon damina kan hana tashi. Wani lokacin kuma biza ce ba ta fito wa rabin jirgi ba. A 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen Najeriya suka riƙa zagaye, tafiyar da ba ta wuce awa biyar daga Kano ta ƙara tsawo. In an ce injiniya ya ga matsala ya hana tashi, ku gode wa Allah ku gode masa, rayukanku ya tsare.

Ban ce fargabarku ba ta da tushe ba. Saudiyya tana rufe ƙofar shigowar maniyyata kwanaki kaɗan kafin hawan Arfa, kuma a 2022, shekarar da aka sake buɗe wa baƙi aikin Hajji bayan annobar korona, akwai 'yan Najeriya da suka biya kuɗi cif amma jirgi bai kai su ba. Wannan ciwo ne na gaske, kuma shi ya sa zaman jira ba zaman naɗe hannu ba ne.

Kakanninmu da ƙafa suka yi wannan tafiya, wasu a kan jaki ko raƙumi. Daga Kano zuwa Borno, a ratsa Wadai, a shiga Darfur, a yada zango a yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira har a tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Shekaru ake yi, ana haihuwa a hanya, ana binne mamata a hanya. Wasu ma can suka zauna, zuriyarsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Kogin Nilu. Abin da ya kai ayarinsu gaci shi ne tsari: akwai madugu, akwai mai kula da ruwa, ba a tashi daga zango a bar mara lafiya a baya.

To ku yi irin nasu. Tun daren farko ku kasu rukuni-rukuni, kowane mutum goma da jagora, a rubuta sunaye da lambobin waya a takarda, domin caji yakan ƙare. A san wa ke da ciwon suga, wa ke da hawan jini, a tabbatar maganinsa yana ƙaramar jaka tare da shi. Na ga dattijon da aka auna babbar jakarsa da maganinsa a ciki, ya kwana biyu babu, har sai da wata ma'aikaciyar jinya cikin maniyyata ta lura ƙafarsa ta kumbura. Fasfo da guzuri su kasance a jiki ko barci ake yi. Kada a taɓa guzuri a sansani, a Saudiyya ake buƙatarsa. Matasa su ɗebo wa tsofaffi ruwa, su riƙe musu layin banɗaki. Mata su zaɓi tasu jagorar, domin akwai buƙatun da Hajiya ba za ta faɗa wa namiji ba. Kuma kada kowa ya sulale gida ba da sanin jagora ba. Sau da yawa kiran shiga jirgi da tsakar dare yake zuwa.

Ga masu ilimi a cikinku, wannan dama ce. Da yawa sun zo ba su gama fahimtar bita ba. A zauna a maimaita yadda ake ɗawafi da sa'ayi da jifa, a tuna wa masu sauka Jidda cewa ɗaura harami daban, yin niyya daban, kada mutum ya yi niyya tun a sansani ya ɗora wa kansa hukuncin mai harami alhali jirgi bai zo ba.

Haƙuri ba ya hana neman hakki. Kuɗinku kuka biya, ba alfarma ake muku ba. Dokokin sufurin jiragen sama na Najeriya sun ɗora wa kamfani ciyar da fasinja in jinkiri ya yi tsawo, da ba shi masauki in ya kai ga kwana. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi, aikinsu ne su tsaya muku. Ku tura dattawa uku masu natsuwa su tambayi jami'i: yaushe jirgin zai zo, ina yake yanzu, me za a ci yau? Su rubuta amsar da lokacin da aka ba da ita, su dawo su faɗa wa kowa. Zagin yaron da ke raba ruwa ko tare titi ba ya sauko da jirgi, sai dai ya ɓata niyyar da kuka fito da ita.

Ku kuma ma'aikatan sansani, masu shara, masu awon kaya, 'yan agaji, likitoci da ke kwana a tsaye, muna ganin ƙoƙarinku. Roƙona ɗaya ne: ku faɗa wa mutane gaskiya. In jirgi sai jibi, a ce jibi, mutum ya san yadda zai shimfiɗa tabarmarsa.

Irin wannan jiran zai sake samunku a dawowa, lokacin da guzuri ya ƙare, tari ya kama kowa, kewar gida ta yi nauyi. Ku ajiye ɗan canji da ragowar magani saboda ranar. Alhaji, Hajiya, yau da dare kafin ku kwanta, ku duba wanda ke kusa da tabarmarku ku tambaye shi ko ya ci abinci, ko ya sha maganinsa. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.