Bakin Zaren Da Mai Riga Ba Ya Gani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, duk wanda ya taɓa zama kusa da mai facin tufafi, ko a Kasuwar Dole ta Damagaram ko a babbar kasuwar Maraɗi, ya ga wani ɗan aiki da ake yi a ƙarshe. Idan ɓaraka ta rufe, mai ɗinkin hannu kan juya rigar ta ciki, ya soka allura sau biyu ko uku a wuri guda, ya ratsa ta ƙarƙashin ɗinkin kamar faɗin yatsa biyu, sannan ya yanke zaren. Mai keke kuwa yakan mayar da ɗinkin baya kaɗan, ko ya jawo zaren sama zuwa ƙasa ya ƙulla shi da ɗan'uwansa. Inda yadi ya tsufa ya yi rauni ba a son ƙulli, domin yana gurzar fata kuma yana iya zamewa ya fita, sai a saƙa bakin zaren cikin facin ya ɓace.

Wannan aiki bai kai minti ɗaya ba, kuma mai riga ba ya ganinsa. To, idan tela ya tsallake shi, ya ci amana ko bai ci ba?

Akwai masu cewa bai ci ba, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Kuɗin faci kaɗan ne. Ranar jajibirin salla kaya kan yi tuli, ga iyali suna jiran cefane. Mai riga ya duba, ya yarda, ya biya, ciniki ya ƙullu.

Sai dai mu tambaya: a kan me mai rigar ya yarda? Ya yarda ne bisa zaton cewa facin zai jure wanki da sawa. Imamu Muslim ya ruwaito labarin mai sayar da abincin da ruwan sama ya taɓa, ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa, busasshen a sama. Manzon Allah (S.A.W) ya tura hannunsa cikin tulin ya ji danshi, ya tuhume shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen inda mutane za su gani, ya kuma kira wannan algus. Ruwan sama ba laifin mutumin ba ne, ɓoyewar ce laifinsa. Haka telan da lokaci ya ƙure masa yana da mafita: ya ce wa mai riga, wannan na gaggawa ne, ka dawo da ita bayan salla in ƙarasa. Idan ya faɗa ya kuɓuta. Idan ya yi shiru ya karɓi kuɗin cikakken aiki, ya sayar da abin da bai yi ba.

Kada wani ya raina sana'ar. Nana A'isha (R.A) ta ba da labarin cewa Annabi da kansa yana ɗinke tufafinsa, yana gyara takalminsa. Shehu Hujwiri ma, wanda kabarinsa yake Lahore, ya ware babi guda a littafinsa Kashful Mahjub a kan sanya riga mai faci.

Ni ban ji nauyin wannan magana ba sai da ta faɗo kaina. An taɓa sa ni cikin masu sulhunta wa da ƙane a kan gonar gado. Muka yi nasiha, suka yi kuka, suka gaisa, aka shafa Fatiha. Wani dattijo ya ce mu tafi gonar yanzu mu kafa iyaka a gaban shaidu. Na ce a bari, kada a ɓata daɗin wannan rana. Gaskiyar magana na gaji ne, kuma na riga na samu godiyar da nake so. Ruwan farko yana sauka, kowannensu ya fita shuka, rigima ta dawo fiye da da, har ƴaƴansu suka shiga. Mun ɗinke ɓaraka, mun bar bakin zaren yana reto, kuma ni ne na hana a ɗaure shi.

Daga nan na gane dalilin da ya sa ƙarshen aiki yake da wuya. Farkonsa akwai zumuɗi, tsakiyarsa akwai idon mutane, amma idan aka zo ƙarshe an gama yabo, jama'a ta watse, ba abin da ya rage sai mutum da Ubangijinsa. A nan ne ake gane ko don Allah aka fara. Tuba ba tare da mayar da haƙƙin mutane ba, biyan bashi a bar ɗan saura ana cewa ai ba komai, neman gafarar maƙwabci ba tare da gyara magudanar ruwan da ta jawo faɗan ba, duk zare ne da ba a ɗaure ba.

Wannan ba kira ba ne zuwa ga waswasi. Telan da ya yi ta ƙulli kan ƙulli ɓata riga zai yi. Soka uku sun isa, a yanke, a ɗauki riga ta gaba.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka kwanta yau ka juya rigar ayyukanka ta ciki. Idan akwai alkawarin da ka cika rabinsa, ko sulhun da bai ƙarasa ba, tashi ka ƙarasa tun allurar tana hannunka.

Allah Ya ba mu ikhlasi a ɓoye da bayyane, Ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.