Baƙar Juma'a: Niyyar Mai Rubutu da Zafin Wanda Aka Rubuta

Ranar Alhamis, 5 ga Disamba, 2019, jaridar wasanni ta Corriere dello Sport da ake bugawa a birnin Rum na Italiya ta fito da hoton 'yan ƙwallo biyu a shafinta na farko: Romelu Lukaku na Inter Milan da Chris Smalling na Roma. Washegari Juma'a ƙungiyoyinsu za su kara a filin San Siro. Mutanen nan biyu sun taɓa buga wasa tare a Manchester United, ga shi yanzu ɗaya zai nemi raga, ɗaya zai tare masa hanya. Labari ne mai daɗin ji ga duk mai son ƙwallo. Amma abin da aka rubuta da manyan haruffa tare da hotunan shi ne "Black Friday", wato Baƙar Juma'a, sunan ranar nan ta rangwamen kaya a shagunan Turawa. Daga duk abin da ya haɗa mutanen biyu, launin fatarsu aka zaɓa.

Aka yi ca a kan jaridar. Lukaku da Smalling duk sun fito sun yi tir da kanun. Roma da AC Milan suka hana wakilan jaridar shiga wuraren atisayensu har ƙarshen shekarar. Editan jaridar kuwa, Ivan Zazzaroni, ya tsaya kai da fata cewa yabon bambancin da ke tsakanin mutane suka yi nufi, masu mugun zato ne suka juya maganar. Washegari jaridar ta sake fitowa tana tambayar wa ake kira mai wariya.

A nan tambayar take. Idan mutum ya rantse bai yi nufin cin zarafi ba, kuma muka yarda da shi, shin magana ta ƙare ke nan?

Kafin mu amsa, mu leƙa Amurka. A watan Fabrairun 2012, wani matashi mai suna Jeremy Lin, haifaffen Kalifoniya wanda iyayensa suka zo daga Taiwan, ya ɗaga ƙungiyar ƙwallon kwando ta New York Knicks ta ci wasa bakwai a jere. Ran da aka doke su, Lin ya zubar da ƙwallo sau tara. Cikin dare sai shafin ESPN na wayar hannu ya saka kanu da wani tsohon salon maganar Turanci da ke nufin an gano tsaga a jikin sulke, wato an ga lagon gwani. Matsalar ita ce kalmar da ke nufin tsagar, ita ce kuma zagin da aka daɗe ana jifan 'yan asalin Sin da shi a Amurka. Kanun ya yi kamar minti 35 kafin a sauke shi. Aka kori editan da ya rubuta, aka dakatar da wani mai gabatar da shiri na kwana 30 saboda ya furta irin maganar. Editan ya ce bai lura da ma'ana ta biyu ba sam. Lin da kansa ya ce bai zaci da gangan aka yi ba, kuma ya yafe.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta da waya, mun san wannan yanayi ciki da bai. Ba a taɓa samun mai rubuta manhaja da ya zauna da niyyar manhajar banki ta cire wa mutum kuɗi sau biyu ba. Amma idan ta cire, wanda aka cire wa ba ya tambayar niyyar kowa, kuɗinsa yake nema. Saboda haka muka saba raba tambaya gida biyu. Ta farko: me ya lalace, wa ya shafa, yaya za a gyara yau ɗin nan? Ta biyu: wa ya yi, da wane nufi, kuma ta yaya kuskuren ya wuce ba wanda ya tare shi? Niyya tana da muhimmanci ƙwarai a tambaya ta biyu, domin da ita ake auna hukunci. A ta farko ba ta da aiki. Wanda ya taka ka bisa kuskure ba mugu ba ne, amma dai sai ya ɗaga ƙafarsa.

Da wannan ma'auni, za mu iya cewa korar editan ESPN ta yi tsauri idan har gaskiya ya faɗa, mu kuma ce sauke kanun da neman gafara wajibi ne. Maganganun biyu ba sa karo da juna. Inda jaridar Italiya ta kauce shi ne ta ɗauki kyakkyawar niyyarta ta mayar da ita hujjar cewa ba a yi wa kowa komai ba. Alhali wata uku kafin nan, a filin Cagliari, 'yan kallo sun yi wa Lukakun nan kukan biri yana shirin buga fanareti. Kalma ba ta sauka a fili fetal. Tana sauka ne a kan tabon da ya riga ya kasance. Mai rubutu yana ganin wasa da kalma na rana ɗaya, wanda aka rubuta kuwa yana jin ci gaban abin da ya saba ji tun yana yaro.

Akwai kuma wata irin wariya da ba ta buƙatar zagi ko kaɗan. A Disambar 2018, bayan an ci zarafinsa a filin Chelsea, Raheem Sterling ya jera kanun labarai biyu na jaridar Mail a shafinsa na Instagram. Duka biyun a kan matasan Manchester City ne da suka sayi gida. Na Phil Foden an ce matashin tauraro ya saya wa mahaifiyarsa gidan fam miliyan 2. Na Tosin Adarabioyo, baƙar fata mai tushe a Najeriya, an ce ya ɓarnatar da fam miliyan 2.25 a kan katafaren gida alhali bai taɓa fara wasan Firimiya ba. Sterling ya ce shi ma don mahaifiyarsa ya saya. Aiki iri ɗaya, ɗaya ya fito ɗa nagari, ɗaya almubazzari. Babu kalma guda a ciki da za a nuna a ce ga zagi. Sai an jera su ake ganin karkatar ma'aunin. A wajen aikinmu irin wannan kuskuren ya fi ba mu tsoro, domin manhajar ba ta tsaya ba, tana tafiya lafiya lau tana ba da amsa karkatacciya kullum.

Wani zai ce an cika tsirfa, idan aka bi ta haka ba za a bar kowa ya yi magana ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A Oktoban 2020 kamfanin GitHub, inda masu manhaja ke ajiye aikinsu, ya daina sa wa babban reshen aiki sunan da ke nufin ubangida, saboda yana tuna wa wasu bauta. Da yawa a cikinmu sun ce wannan kwalliya ce kawai, sauya kalma bai ba kowa aikin yi ba. Mu ma a Hausa muna cewa baƙin ciki da farin ciki, baƙar aniya da farar aniya, baƙin jini da farin jini. Shin sai mu zubar da su? A ganinmu a'a. Duhu da haske ake nufi, kuma ba fuskar kowa a jiki. Amma ran da aka ɗauki kalmar aka liƙa ta a kan hoton mutum saboda fatarsa, ta tashi daga salon magana ta koma tambari.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Mun san yadda kalmar "aboki", wadda babu mai daɗinta a harshenmu, take komawa raini a bakin wasu a kudancin Najeriya. Idan muka yi ƙorafi sai a ce ai ma'anarta mai kyau ce, me ya yi zafi? Amsar editan Italiya ke nan sak. To mu fa, wane suna muke kiran Ibo da shi a bayan idonsa? Me muke cewa a gidan kallon ƙwallo idan ɗan wasan Koriya ko Japan ya ɓarar da ƙwallo? Zafin da muke ji idan an yi mana, shi ne shaidar cewa mun fahimci maganar tun tuni.

A yau kowannenmu edita ne. Yawancin masu karatu a waya kanu kaɗai suke gani su wuce, kuma duk wanda ya tura hoto a WhatsApp ko Facebook da 'yar magana a samansa, kanu ya rubuta. Magana zarar bunu ce, a intanet kuwa ko an goge, wani ya riga ya ɗauki hotonta.

A sana'armu ba a sakin aiki sai wani ya duba, domin idon mai rubutu ba ya ganin abin da bai taɓa cizonsa ba. Wannan dabara za ta yi wa ɗakunan labarai amfani, ta yi mana mu ma. Kafin mu tura, mu tambayi kanmu: da ɗan wasan nan farar fata ne, ko ɗan garinmu ne, haka za mu rubuta? Idan kuma mun riga mun tura, wani ya ce ya ji ciwo, mu fara da gogewa da ban haƙuri, bayanin niyya ya biyo baya.

Wasan na San Siro dai an tashi babu ci. Smalling ya tare Lukaku har aka busa tashi, kuma wannan shi ne labarin da ya kamata a yi wa kanu tun farko.