Saura Mutum Ɗaya

Duk wanda ya taɓa shiga tasha da jaka a hannu ya san tambayar da ake tarbar sa da ita tun daga bakin ƙofa: "Alhaji, ina za ka?" Ɗan kamasho ba ruwansa da sunanka, balle garinku ko takardun da ka tara. Ka ce Zariya, ya nuna maka motar da ke kan layi. Ka ce Jos, ya ƙwala wa wani kira ya miƙa ka. Ka tsaya kana inda-inda kuwa, ya bar ka nan ya nufi mai buhu a ka.

Abin da ya tuno mini da tasha shi ne ɗan yayata, wanda ke ajin ƙarshe a sashen kwamfuta. A hutun da ya wuce ya zo da kwamfutarsa ya ce, "Kawu, zo ka ga aikina na kammalawa." Dandali ne ya gina a intanet don haɗa ɗaliban jami'arsu da waɗanda suka gama tuntuni. Tsohon ɗalibi zai yi rajista, ya sa hotonsa, shekarar da ya fita da aikin da yake yi. Ɗalibi kuma ya bincika, ya ga wanda ya kwanta masa, ya aika saƙo. Abin ya yi kyau, ba laifi. Ga likitoci, ga injiniyoyi, ga wani ma a Ingila yana murmushi cikin kwat.

Na ce, "To cikin waɗanda aka aika wa saƙo, nawa ne suka amsa?"

Sai ya sosa ƙeya.

A wasu tashoshin akwai wata tsohuwar dabara. In mota ta daɗe ba ta yi lodi ba, sai a zaunar da 'yan tasha biyu ko uku a ciki, kai kuma ka leƙa ka ga kamar ta kusa cika, ana ta "Saura mutum ɗaya!" Ka biya kuɗi ka zauna, sai ka ga na kusa da kai ya sauka wai zai sayo ruwa, shi ke nan. Yawancin sunayen da ke dandalin yaron nan irin waɗannan fasinjojin ne. Ba da mugun nufi suka shiga ba. An turo musu a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, kunya ta sa suka cike, suka koma harkokinsu.

Taimakon na baya ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kwalejin Barewa, wadda ta fara a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ta yaye Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da Umaru 'Yar'aduwa, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, BOBA, ta daɗe tana aiki tun ba a san intanet ba. Yadda abin ke tafiya a da, a can da sauran makarantu, wani babba ne zai ce maka, "Je ka wurin wane, ka ce ni na aiko ka." Wannan "ni na aiko ka" ita ce ke buɗe ƙofa, domin mai aiken ya san ka, ya san wanda ya tura ka wurinsa, kuma mutuncinsa ya jingina. Aibin hanyar shi ne sai mai uwa a gindin murhu. Ɗan manomin da shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a, wa zai aike shi? Don shi kaɗai ma aikin ɗan yayata ya cancanci wahalar. Amma tara sunaye kawai ba ya maye gurbin mai aike. LinkedIn yana nan tun 2003, yana ma nuna maka inda 'yan makarantarku suke aiki, bai kuma sa sun ɗaga waya ba.

Na ce ya buɗe mini saƙonnin da ɗaliban suka aika. Kusan duk bakinsu ɗaya: "Salamu alaikum ranka ya daɗe, don Allah a taimaka mini." Da me? Mutumin da ya taso daga aiki a gajiye, ya ga wannan, abin da zai zo masa a rai shi ne kuɗi ko neman aiki, sai ya yi shiru don kada ya yi alkawarin da ba zai cika ba. Da an ce masa, "Ina aji uku a sashen gine-gine, zan fita koyon aiki na SIWES na wata shida, kamfanin ƙwangila ya fi ko ma'aikatar ayyuka?" da kafin ya gama shan shayi ya amsa. Mutane ba su cika rowar abin da suka sani ba, har daɗi suke ji a tambaye su. Sai dai fasinjan da bai faɗi inda za shi ba, ba direban da zai ɗauke shi.

Sannan kowa babbar mota yake so. Saƙonnin duk sun taru a kan wani darakta da wani farfesa, alhali ga wata baiwar Allah da ta gama bautar ƙasa shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya kula ta. Ita ce fa ta san yadda ake tsara takardar neman aiki a yau, ta san jarrabawar da kamfanoni ke yi ta kwamfuta. Darakta ya manta rabonsa da neman aiki. Kuma ko shi, kujerun motarsa ƙidayayyu ne. In ya ce ɗalibi biyu zai iya a zango, kamata ya yi dandalin ya rufe ƙofa bayan na biyun.

Yaron ya saurare ni yana ta rubutu. Cikin kwana uku ya ƙara gurbin da ɗalibi zai rubuta tambayarsa kafin a nuna masa kowa, da wani gurbin da tsohon ɗalibi zai faɗi mutum nawa zai ɗauka. Wannan a wurinsa wasa ne. Da na ce saura wanda zai riƙa kiran mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ya gabatar da ɗalibi da bakinsa, ya kuma waiwaya bayan sati biyu ya ji ko sun yi magana, sai ya ɗago kai.

"Kawu, ai wannan ba aikin kwamfuta ba ne."

Na miƙa masa wayata, na ce akwai kati a ciki, ya fara da mai kwat ɗin nan na Ingila.