Idan Ƙasa Ta Tashi Ta Bar Mutum, Ɗan Ina Ne?



Akwai wani dattijo mai gadi a nan GRA da muke haɗa sahu da shi da asuba. Rannan na ce masa, Baba, kai mutumin ina ne? Sai ya yi dariya, ya ce shi kansa ya daɗe yana neman amsar. Masunci ne a da, a Darak ya yi ƙarfinsa.

Ga waɗanda ba su sani ba, a 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. Ruwa na janyewa, masunta da manoma daga Najeriya na bin sa, suna kafa gari a inda ya bushe. Ba su san sun ƙetare iyaka ba, don babu shinge a kan ruwa. A watan Oktoba 2002 Kotun Duniya da ke Hague ta yanke hukunci cewa Darak da kewayenta na Kamaru ne, bisa iyakar da Ingila da Faransa suka shata tun 1919 da 1931. Najeriya ta kafa hujja da cewa mutanenta ne a wurin, ita ke mulkinsu. Kotu ba ta karɓa ba. A Disamba 2003 aka miƙa ƙauyuka fiye da 30.

Can a tekun Fasifik kuma ruwa ƙaruwa yake yi. Tuvalu ƙasa ce ta mutum kimanin 11,000, tsibiranta kaɗan suka ɗara teku tudu. Yarjejeniyar Montevideo ta 1933 ta ce kafin a kira wuri ƙasa sai da jama'a, da yanki, da gwamnati, da ikon hulɗa da sauran ƙasashe. To, idan teku ya haɗiye yankin fa? A 2023 mutanen Tuvalu suka rubuta a tsarin mulkinsu cewa ƙasarsu tana nan har abada ko da filin ya nutse, suka kuma ƙulla yarjejeniya da Ostireliya ta karɓi mutum 280 duk shekara. A Yuli 2025 Kotun Duniya ta ba da fatawar cewa rasa ɗaya daga waɗancan sharuɗɗa ba lalle ya shafe ƙasar da ta riga ta kafu ba.

Ku duba yadda Hausa ta haɗa abu biyu a kalma ɗaya. Ƙasa ita ce turɓayar da muke takawa, ita ce kuma wadda ake zama ɗanta. A Darak doka ta bi turɓaya ta bar mutane. A Tuvalu ana roƙon ta bi mutane ta bar turɓaya. Wanne ne daidai?

Masu goyon bayan hukuncin Darak suna da hujja, kada mu raina ta. Da duk inda mutum ya kafa bukka ya zama na ƙasarsa, da yaƙi bai ƙare ba a Afirka. Iyaka tana hana zub da jini, a bar ta inda take. Amma an shata ta ne don a san wa zai ɗauki nauyin wa. Idan ta zama dalilin da kowa zai kakkaɓe hannu, ta ci amanar abin da aka yi ta dominsa. Ko yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba ta san wanda fari ko ambaliya ta kora ba, wanda ake tsanantawa kawai ta sani.

Mu da muke zaman kasuwanci nesa da gida bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Kakanninmu da suka je fataucin goro suka kafa zango a Kumasi da Sabo a Ibadan, ba da turɓayar Kano suka tafi ba. Sun tafi da harshe da addini da riƙon amana, shi ya sa jikokinsu suke Hausawa har gobe. Sai dai su suna da garin komawa. Baba ba shi da shi.

Ga inda abin ya shafe mu. Jikan Baba a Bauchi aka haife shi, bai san ko'ina ba sai nan. Ranar da zai nemi makaranta ko aikin gwamnati za a ce ya kawo takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Wacce zai je? Ba mu da ikon gyara dokar duniya, amma sa hannu muna da shi. Cikinmu akwai masu unguwa, akwai masu gidajen haya, akwai masu rumfa a kasuwar Muda Lawal da Wunti. Mutanen Madina ba su tambayi muhajirai takarda ba kafin su raba dukiya da su.

In wani da ruwa ko rashinsa ya koro ya zo neman wanda zai tsaya masa, a tsaya masa. Gobe ta Allah ce, kuma ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 ta nuna mana mai gida na iya kwana baƙo.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da kowa a inda ya samu kansa lafiya. Amin.