Kaba yau ko goriba gobe: wa ke bin mu bashi?

Ƴan'uwana ɗalibai, tambayar da na kawo cikin wannan ɗan littafi namu gajeruwa ce, amma amsarta da nauyi. Mutumin da ke fama da cin yau, akwai bashin da waɗanda ba a haifa ba ke bin sa? Zan ɗora tambayar kan icce guda da duk ɗan Tasawa da Mayahi ya sani, wato goriba.

Mu fara da iccen kansa. Goriba tana cikin ƴan tsirarun dangin dabino da gangar jikinsu ke rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Akwai namiji, akwai mace, macen ce ke ƴaƴa. Kafin ta yi tsawo kuwa, kaba ce: ganyaye ne tsaye a ƙasa, ba gangar jiki. Kabar nan ita ce tabarma, ita ce igiya, ita ce malafa da faifai. Matsalar a nan take. In ana yankar ganyen da zarar ya tofo, kabar ba ta mutuwa, amma ba ta tashi. Sai ta yi ta faɗi a ƙasa, shekara da shekaru, ba ta zama uwa ba, ba ta ba da ɗa ko guda ba. Wanda ya bi Gulbin Kaba ta wajen Mayahi da Kanan Bakashe ya san abin da nake faɗi: tsofaffin goribobi jefi-jefi, kaba birjik a ƙasa, matasan da za su gaji tsofaffin kuwa sai an nema. Masu bincike na INRAN da na cibiyar CIRAD ta Faransa da suka yi aiki cikin gulbin a farkon shekarun 2000 sun nuna haka, suka ba da shawarar a riƙa ware wasu tsirrai cikin kowane gungu a bar su su tashi.

Shawarar ba ta da wuyar faɗi. To amma wa zai bari? Matar da ke yankar kaba ba don sha'awa take yi ba. Da rani, rumbu ya yi ƙasa, maigida ya tafi cin rani Najeriya ko Libiya, kabar nan ce kuɗin gishiri da na magani. Ganyen da ta bari yau, abincin ɗiyanta ne ta bari. Goribar da za ta tashi daga barin nata kuwa, sai bayan shekaru masu yawa za ta yi ƴaƴa, wataƙila jikanta ne zai ci, wataƙila ma jikan wani.

In muka zauna hira kan irin wannan, nakan ji baki biyu. Wasu su ce: “Kai, bar zancen nan, mai yunwa ba shi da gobe. Wanda ba a haifa ba Allah ya san yadda zai yi da shi.” Wasu kuma, musamman mu da muka fara jin ƙamshin boko, sai su ce mutanen ƙauye ne ba su waye ba, su ke kawo mana hamada da hannunsu. Ni dai ban yarda da ko ɗaya ba. Abin da na tsaya a kai shi ne: bashin nan gaskiya ne, yana kanmu duka, amma zalunci ne a ce wanda ya fi kowa talauci shi kaɗai zai biya.

Me ya sa na ce gaskiya ne? Wani zai ce ai bashi sai da wanda ya ba ka, wanda ba a haifa ba kuwa bai ba mu komai ba. Haka ne. Amma mu duba ta baya. Goribar da muka gwagwiya muna yara har muka kai ga ƙodago, wa ya dasa mana ita? Babu. Wani ne, shekaru da yawa kafin a haife mu, ya zo da wuƙarsa ya ga kabar, ya wuce. Shi ma yana da ciki, shi ma ya ga fari da yunwa. Ba mu san sunansa ba, ba mu da hanyar mayar masa. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mun ci ladan, mai ladan ya riga mu gidan gaskiya, saboda haka askin ya koma kan wanda ke tafe. Irin wannan bashi a baya ake cin sa, a gaba ake biya. Kuma rashin bakin waɗanda ba a haifa ba ƙara masa nauyi yake yi, don ba za su iya zuwa gaban maigari su kai ƙara ba. Malamanmu ma sun sha gaya mana iccen da mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga gare shi sadaka ce ga wanda ya raya shi.

Akwai wasu mutane can nesa da suka ɗauki irin wannan bashi da gaske, kuma labarinsu ya kamata mu sani. A gabashin Amurka an yi wani babban icce da suke kira casnat, mai ƴaƴa masu gari da mutane da dabbobi ke ci, katakonsa kuma ba ya saurin ruɓewa. A 1904 aka gano wata cuta mai cin ɓawonsa a birnin New York, cutar da ta shigo tare da itatuwan da aka kawo daga Asiya. Cikin kimanin shekara 50 ta kashe itatuwa miliyar 3 ko fiye. Sai dai cutar ba ta kashe saiwa. Har yau kututturan suna tofowa, tsiron ya ɗan tashi, cutar ta kama shi ya bushe, saiwar ta sake turo wani. A 1983 masu bincike da ƴan sa-kai suka kafa ƙungiyar American Chestnut Foundation. Suna haɗa irin nasu da na ƙasar Sin mai jure cutar, su ɗauki garin furen wannan su shafa wa wancan da hannu, su dasa, su jira shekaru su ga wanda zai tsira. Fiye da shekara 40 ke nan, ba a gama ba. Da yawa cikin waɗanda suka fara aikin sun mutu ba su ga dajin da suke buri ba, kuma sun san haka tun ranar da suka fara.

Na kawo labarin nan don kamannin da ke tsakani: can ma saiwa na raye a ƙasa, tsiro ne ba ya samun girma. Amma kada mu ɗauke shi mu zage kanmu da shi. Su abokin gabarsu cuta ce, tukunyarsu ba ta dogara ga iccen ba. Mu namu ba cuta, lafiyarsa lau, abin da ke hana shi tashi buƙatar mutane ce. Ta fuskar ilimi namu ya fi sauƙi, don ba sai an haɗa iri ba, hannu kawai za a ɗauke. Ta fuskar adalci kuwa namu ya fi wuya, don hannun da za a ɗauke na mai neman abinci ne.

To, ana iya ɗauke hannun ba a zalunci mai shi ba? Jaharmu ta Maradi ta riga ta gwada, kuma duniya ta zo ta koya daga gare mu. A 1983 ɗin dai, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya sha wahalar dashen itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa ƴan ƙananan tsirran da manoma ke sarewa lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu saiwa mai rai. In an zaɓi reshe ɗaya ko ƴan kaɗan masu ƙarfi, aka sare sauran, aka tsare su, icce zai tashi da sauri fiye da dashe. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Shi ne abin da muke kira sassabin zamani.

Darasin da ya fi damuna yana cikin abin da ya biyo baya. Lokacin yunwar 1984, wadda iyayenmu ke kira El-Buhari, an haɗa aikin da rabon abinci: ka bar itatuwa cikin gonarka, a ba ka hatsi. An tsare itatuwa kusan 500.000. Da rabon ya ƙare, aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Wani zai ce ka gani, mutane ba su da amana. Ni abin da na gani daban ne. A wancan zamani icce a idon doka na gwamnati ne, ko cikin gonarka yake, ka taɓa shi ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Waɗanda suka bar nasu kuwa suka ga amfani: itacen girki kusa, iska ba ta binne shuka da rairayi, gero ya fi kyau ƙarƙashin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, ƴaƴansa kuma dabbobi su ci. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Da riƙon gwamnati ya sassauta, aka yi dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004, manomi ya fara jin iccen gonarsa nasa ne. A tsakiyar shekarun 2000, Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a Maradi da Damagaram. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan iccen da ya raya.

Mutanen da suka sare a 1985 da waɗanda suka raya daga baya, ai mutane ɗaya ne, ƙauyuka ɗaya. Halinsu bai sauya cikin dare ba. Abin da ya sauya shi ne an daina neman su yi haƙuri don amfanin wani, aka bar su su ci moriyar haƙurinsu. Kirki yana buƙatar wurin tsayawa. Hatsin rabo bai ba shi ba, tara ma ba ta ba shi ba, haƙƙi ne ya ba shi.

Yanzu mu koma kan kaba da wannan ma'auni. Gawo cikin gona yana da mai shi, shi ya sa ya tsira. Kaba fa? Mai yankarta sau da yawa ba ita ke da gonar ba. In ta bar tsiro ya tashi, maigona ne zai mallaki goribar, ita ta yi asarar ganye. Wata kabar kuma tana cikin makiyaya da burtali, inda kowa ke da hannu, ba wanda ke da alhaki, in kin bari wata ta yanke. Ga ɗan kasuwa da ke saye da arha ya loda mota ya kai inda take tsada. Ga mu ƴan gari da ke taya tabarma kamar daga sama ta faɗo. Kowa cikinmu ya ci daga kabar nan, amma in an zo wa'azin kare muhalli, matar nan kaɗai ake nunawa da yatsa. Wannan shi ne zaluncin da nake nufi.

Biyan bashin cikin adalci yana nufin a raba nauyin. Maigona ya yarda cewa wadda ta tsare tsiro tana da rabo cikin ƴaƴansa da ganyensa in ya girma, a faɗe shi gaban shaidu. Gari ya zauna ya ware inda za a huta da yanka da inda za a yanka, a riƙa juyawa. A Ɗan Saga, nan kusa cikin gundumar Aguie, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa maza da mata da makiyaya, suka sa wa kansu dokoki, kuma abin ya yi aiki don waɗanda dokar ta shafa su suka yi ta. Masu yankar kaba su haɗa kai wajen sayarwa don farashi ya tashi, in ganye kaɗan ya kawo kuɗin da mai yawa ke kawowa, barin wani ba zai zama yunwa ba.

Mu ɗalibai mene ne namu? Ba mu da gona, ba mu da sarauta, amma muna da hutu, da ƙafa, da alƙalami. Ƴan sa-kai na Amurka ba duka ne masana ba, wasunsu ƙirga suke yi, su rubuta, su kai wa masu bincike. Mu ma muna iyawa. Kowa a garinsu ya ƙirga goribobin da ke ƴaƴa, da matasan da suka fara gangar jiki, ya rubuta, baɗi a sake ƙirgawa. A zauna da tsofaffi a tambaye su inda goriba take da, da yadda ake yanka ba a taɓa zuciyar tsiro ba, don sun fi mu sani. A roƙi baba ko kawu ya yarda a ɗaura ƙyalle kan tsiro ɗaya cikin kowane gungu a gonar gida, a gaya wa inna da sauran mata dalili, a ji ta bakinsu kafin a ɗaura. In kuma za mu sayi tabarma, mu tuna da rana nawa ta ci kafin mu fara tayi.

Na san wani cikinku zai ce: “To in mun yi duk wannan, fari ya zo ya share fa?” Yana iya zuwa. An yi 1973, an yi 1984, an yi 2005, ba wanda ya ba mu takardar cewa an gama. Amma a 2005 an ga garuruwan da ke da itatuwa sun fi samun abin kamawa, ko ganye, ko ƴaƴa, ko itacen sayarwa. Wanda ya bar mana goribar da muka ci shi ma bai da tabbas, ya dai bari. Hutu na tafe, sassabe na tafe. Wanda ya samu ƙirgar garinsu ya kawo, mu buga ta cikin littafi na gaba, gari da gari, mu ga inda muke.