Amanar Mai Gyara

Da damina manomin Kebbe yakan tafi gona da 'yar rediyonsa, ruwa ya ba ta kashi, ta yi shiru. Sai ya kai ta Tambuwal wurin mai gyara. Sau da yawa aikin kaɗan ne: a cire batir, a buɗe ta, a goge tsatsa, a bar ta ta bushe sarai kafin a kunna. Manomi kuwa bai san haka ba. In mai gyara ya ce kayan ciki ya sake, ya karɓi kuɗin damin gero, wa zai ƙaryata shi? Watakila ya ce saninsa ya sayar. To, sani yana da lada, amma sai an faɗi abin da aka yi. Wanda ya ci kuɗin jahilcin ɗan'uwansa, amana ya ci.